Ɗakin Gangirwal da Muke Haɗawa a Agege

Asabar, 11 ga Janairu

Yau Alhaji ya ba ni makullin filin da ke bayan shagonsa a Agege, inda yake ɗaure raguna idan Babbar Sallah ta matso. Ya ce in yi aikina har ragunan su iso, ba ya son ko sisi, sharaɗinsa ɗaya kada a kunna wuta kusa da harawa. Na buɗe wannan littafi ne saboda kuɗin aikin na mutum bakwai ne, kowa ya sa Naira 300,000, kuma dole in iya faɗin inda kowane kobo ya tafi.

Ga asalin maganar. A watan Disamba mu huɗu muka hau Chappal Waddi, wanda mutanen can ke kira Gangirwal, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakar Taraba da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mazaunin Nguroje ne a tsaunin Mambila, shi ya yi mana jagora. Daren da muka kwana ƙasa da ƙololuwa, mu baƙi muna cikin tanti, 'yan dako uku suna waje a jikin dutse, sun lulluɓa da buhu da leda, sun kwana suna hura wuta. Da asuba na ga ɗayansu ya kasa ɗaure igiyar takalminsa, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Ni mai zanen gini ne, shekara tara ina zana wa mutane benaye a Lekki da Ikeja, inda kullum damuwar ita ce yadda za a kori zafi daga ɗaki. Ban taɓa zana ɗakin da aikinsa riƙe ɗumi ba. Shi nake so in gwada: ƙaramin masauki na mutum shida, a haɗa shi a nan Legas, a kwance shi, a kai can a sake haɗawa.

Talata, 14 ga Janairu

Dare uku ina karatu a kan masaukan masu hawan dutse. Na Monte Rosa a Suwizalan, wanda aka buɗe a 2009 a tsayin mita 2,883, katako ne a ciki, alminiyam a waje, yana tara ruwan ƙanƙarar da ta narke a cikin wani kogo, kuma an zana shi ne don ya samar wa kansa kashi 90 cikin 100 na makamashin da yake buƙata. Na Goûter a tsaunin Mont Blanc a Faransa, mita 3,835, an buɗe shi a 2013, siffarsa kamar ƙwai don iska ta riƙa zamewa ta jikinsa. Duk sun burge ni, amma da na ga cewa kayan Monte Rosa sai da jirgi mai saukar ungulu ya yi sawu wajen 3,000, sai na rufe kwamfuta na kira Kawu.

Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, in kaya sun iso Nguroje, me ke kai su sama?"

Ya ce, "Babur zuwa inda hanya ta ƙare. Daga nan sai gammo."

"Nawa mutum ɗaya ke ɗauka?"

"Ɗana, a ƙasa zai ɗauki buhun masara ya yi ta hira. A hawan nan in ka ɗora masa abin da ya wuce jarkar ruwa ɗaya, gobe ba za ka gan shi ba."

Jarkar lita 20 kilo 20 ke nan, kuma abin mamaki shi ne adadin da doka ta yarda a ɗora wa ɗan dako a Kilimanjaro ta Tanzaniya. Can ɗin ma ya fi kama da halinmu. A hanyar Marangu akwai masaukin Mandara wajen mita 2,700 da na Horombo wajen 3,700, ɗakunan katako ne masu kusurwa uku, rufin ya sauko har ƙasa, shi ne bango shi ne rufi. Wannan siffa na ɗauka. Dokar aikin daga yau: babu gunki ɗaya da zai wuce kilo 20, kuma sifana ɗaya da guduma su isa a haɗa shi.

Asabar, 18 ga Janairu

Zanen ya kammala. Na bar fallen fulawud ya yanke mini awo don kada a yi ɓarnar katako: tsawonsa mita 2.44, don haka faɗin daɓe 2.44, kowane gefen rufi 2.44, tsayin tsakiya ya zama mita 2.1. Tsawon ɗakin mita 3.66.

Mun shiga kasuwar katako ta Mushin ni da Baba kafinta, Bayerabe ne, ya yi shekaru yana aiki da mutanenmu a Agege, Hausarsa ta fi Yarabancina nesa ba kusa ba. Ya so mu ɗauki maɗaci ko loko, ya ce su ne za su yi ƙarko. Na ce, "Baba, ɗaga wannan." Ya ɗaga, ya yi dariya ya ajiye. Obeche ba nauyi amma ƙwari na son sa. Muka tsaya a kan malaina, wadda dasa ta ake yi, ba daga tsohon daji ake saro ta ba. Guda 50 a kan 2,800, Naira 140,000. Fulawud mai kaurin milimita 9 falle 12, Naira 234,000. Mai milimita 6 falle 12, Naira 156,000.

Laraba, 22 ga Janairu

Babu aiki. An ɗauke wuta tun jiya, janaretan Baba kuma yana wurin gyara.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mun haɗa bango na farko, cikakken falle, fulawud ciki da waje, firam a tsakiya. Na aro sikelin da mai sayar da wake ke awo da shi. Kilo 47. Ni da na kafa dokar kilo 20, ni na fara karya ta fiye da ninki biyu, don a takarda na lissafa da nauyin busasshen katako, alhali wanda muka sayo ɗanye ne, da ka buga ƙusa sai ka ga ruwa ya taso a gefenta. Mai katakon ya rantse mana cewa ya bushe. Laifina ne da ban sa hannu na taɓa bakin yankan ba.

Baba ya zauna a kan benci ya ce, "Injiniya, tsaga shi biyu." Da farko na ƙi, don yawan mahaɗa yawan kafar da iska za ta shiga. Amma babu wata hanya. Kowane bango zai koma faɗin santimita 61, fulawud na ciki kaɗai za a manna a nan, na waje a ɗauke shi daban a ɗaura a can. Daɓe zai zama gunki shida, rufi goma sha biyu. Sai na lura cewa kowane gunkin daɓe makwancin mutum ɗaya ne cif. Mun jera katakon a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Sauran hunturun da ya rage a Legas ya taimaka mana.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Abin da za a cusa cikin bango don riƙe ɗumi, shi muka yi ta jayayya a kansa yau, mu biyar cikin masu karo-karo, a teburin mai shayi.

Farin soson nan da ake naɗe firiji da shi ba shi da nauyi ko kaɗan, abin da zai cika ɗakin duka bai wuce kayan mutum biyu ba. Buntun shinkafa kuwa na lissafa zai kai kilo 270, kayan mutum goma sha huɗu. Mutum uku suka ce soso, lissafi a fili yake. Ni na tsaya a kan buntu. Soso in ya kama da wuta hayaƙinsa guba ne, a ɗakin da ƙofarsa ɗaya. In kuma ɗakin ya lalace bayan shekaru, soson zai farfashe iska ta watsa shi cikin ciyawar da shanu ke ci, ya shiga rafi, babu mai tsince shi. Buntu ba ya saurin kamawa da wuta saboda ƙasa-ƙasan da ke jikinsa, duk wanda ya ga tarinsa a bayan injin casa ya san sai dai ya yi ta cin ciki a hankali. Ana noman shinkafa a Taraba, ba sai an ɗauko shi daga Legas ba, in ya ragu a ƙara. Kuɗin dako goma sha biyun da suka ƙaru kuma aljihun samarin ƙauyen za su shiga. Malamin asibitin da ke cikinmu ya goyi bayana, aka bar mini, amma da sharaɗin in gwaji ya nuna buntu bai yi ba, a koma soso ba gardama.

Wani direban da ke kawo albasa kasuwar Mile 12 ya yi alkawarin taho mana da buhuna na gwaji daga Kebbi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Katako ya bushe. Sabon bango kilo 18 da rabi. Buntu ya iso, mun gauraya shi da farar ƙasa saboda ƙwari.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An tayar da ɗakin karo na farko, ba kwano tukuna. Yaran unguwa sun cika bakin shinge. Wani ya ce akurkin kaji ne, wata tsohuwa ta tambaya ko coci muke ginawa. Alhaji ya leƙa ciki, minti ɗaya ya fito yana share gumi, ya ce, "Malam, wannan ai tanda ce. Wa zai kwana a nan?" Na ce masa duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri shida da rabi, don haka a tsayin Gangirwal an riga an zabtare digiri 16 daga na Legas, kafin a zo maganar iska da daren hunturu. Ya ce Allah ya ba da sa'a, da muryar wanda bai gamsu ba.

Tambayarsa ta tsaya mini. A garin da ko da asuba fanka ake nema, ta yaya zan san ɗakin nan yana riƙe ɗumi?

Talata, 11 ga Fabrairu

Ƙanena ne ya kawo shawarar ɗakin sanyi na masu kifi a Ijora. Na ajiyar daskararren kifi yana ƙasa da sifili da digiri 18, ya yi yawa. Amma wata Hajiya mai harkar tana da wani ɗaki na gaba da babu kaya a ciki wannan makon, ana iya tsayar da shi a digiri 5. Sai da na maimaita mata bayani sau uku kafin ta yarda ba wasa nake ba. Naira 40,000 dare ɗaya. Rabin ɗakin ne zai shiga, gunki uku da bangon gaba da na baya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Jiya muka kwana a ɗakin kifi, ni da ƙanena da malamin asibiti. Yaron Hajiya ya kwana a bakin ƙofa, ba a sa sakata ba, da umarnin ya ƙwanƙwasa duk bayan awa ɗaya, in ba mu amsa ba ya buɗe.

A-kori-kura ta ɗauko kayan daga Agege, awa biyu da rabi a cunkoso. Muka haɗa da la'asar, muka bar shi ya yi sanyi har ƙarfe goma. Ma'aunin zafi ɗaya a ciki, ɗaya a waje. Mai barci yana fitar da ɗumi kamar tsohon ƙwan lantarki mai wat 80, mu uku ke nan wat 240, ba murhu ba komai. Ƙarfe goma ciki digiri 6. Sha biyu, 11. Ƙarfe ɗaya da rabi, 14, waje yana nan a 5. Na kwanta ina jin daɗi, har ina tsara saƙon da zan tura wa masu son soso.

Wajen ƙarfe huɗu ɗigon ruwa a goshi ya tashe ni. Na haska tocila. Kan kowane noti ya yi gumi yana ɗiga, fulawud na can sama kusa da tsakiya ya jiƙe ya yi duhu, bargon ƙanena ya yi danshi ta ƙafa. Kaina na sarawa. Malamin asibiti ya ce shi ma haka, ya ce iskar da muka fitar muke sake shaƙa, ya tura ƙofa. Ban sake barci ba.

Da safe muka kwance bango ɗaya. Kurakurai huɗu na ƙirga, kuma duk nawa ne. Babba a ciki ita ce leda. Na shimfiɗa ta a gefen waje na buntun, yadda duk maginin Legas zai yi, don a nan ruwa daga waje yake zuwa. A wuri mai sanyi kuwa ruwan daga cikin ɗaki yake tasowa. Kowane mutum yana fitar da kusan kofi guda na ruwa a dare ta numfashi da fata, tururin ya ratsa fulawud, ya ratsa buntu, ya je ya tarar da leda mai sanyi ya koma ruwa, kamar jikin kwalbar lemo da aka ciro daga firiji. Buntun da ke jikin ledar ya jiƙe har yana dunƙulewa a hannu. Da a kan dutse ne, damina ɗaya ya isa ya ruɓe. Na biyu, notin sun ratsa daga waje har ciki, ƙarfe kuwa jan sanyi yake. Na uku, girgizar mota ta sa buntun ya zauna, sama ya zama fanko kamar taƙi guda, wurin da ya jiƙe ke nan. Na huɗu, tsabar tsoron sanyi na toshe kowace kafa, ban bar wa iska hanya ba.

Ƙanena ya ce warin kifi ba zai bar rigarsa ba har Sallah.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gyara. Leda ta koma gefen ciki, tsakanin fulawud da buntu. An sa katakon tsakani duk santimita 60 a cikin kowane bango don buntun ya zauna aljihu-aljihu, kuma za a daddanna shi da sanda lokacin zubawa. An nutsar da kawunan noti cikin katako an toshe da 'yar guntuwa. Tsakanin fulawud na waje da kwano za a bar tazarar yatsa biyu, buɗe sama da ƙasa, don danshin da ya kuɓuce ya fita. Katako 10 aka ƙaro, Naira 28,000.

Na ba Kawu labari a waya, ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Ka sani dai, duk abin da za ka rubuta a bango, sai sun shiga da kurfoti." Wannan ya fi ledar tayar mini da hankali. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi, kuma kusan kowane hunturu sai an ji labarin irin haka a Arewa. Tun da gargaɗi ba zai hana ba, sai ginin ya hana. Zan ƙara wa rufin gunki ɗaya ta gaba ya zama 'yar rumfa, da murhun duwatsu a gefen da iska ba ta bugawa, don dafa shayi a waje ya fi sauƙi. Kafofin iska biyu kuma, ɗaya ƙasa kusa da ƙofa ɗaya can sama a bangon baya, ba su da marfi, da raga a ciki da 'yar hula a waje, a wurin da tsumma ba zai zauna ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Jiya kasuwar kayan lantarki ta Alaba. Farantin sola mai wat 100, ƙaramin batirin litiyam, ƙwai biyu, da wurin cajin waya huɗu. Naira 214,000. Na ƙi sayen inbata duk da nacin mai shago, don in akwai soket sai wani ya jona hita ya kashe batirin a dare ɗaya. Sanyi ba ya cutar da farantin, ya ma fi ba da wuta in bai yi zafi ba. Batirin ne ba ya son a yi masa caji ƙasa da sifili, shi ya sa zai zauna cikin ɗaki a akwatin katako.

Kawu ya ce farantin zai yi ƙafa a wata guda in makiyayan wurin ba su ɗauke shi nasu ba. Shawararsa a fitar da wurin caji biyu zuwa rumfa, inda kowa zai iya sa wayarsa ko babu baƙi, kuma a fara zuwa gaida Arɗo kafin a kai ko ƙusa ɗaya.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Aiki ya koma safe zuwa azahar. An kawo kwanon alminiyam, Naira 187,000. Na rubuta takardar neman izini zuwa hukumar gandun dajin, da zanen da bayanin cewa ba siminti, ba haƙa, ana iya ɗauke ɗakin a kwana biyu. Gandun ya fi murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a ƙasar nan, kuma ba a kafa komai a cikinsa sai da yardarsu. Kawu zai kai takardar ofishinsu da ke garin Serti da hannunsa.

Lahadi, 9 ga Maris

Gwaji na biyu a Ijora, bayan asham. Mu ukun dai. Ɗumin ya tsaya a digiri 12, ya gaza na farko da biyu saboda kafofin iska. Babu ɗigo, babu ciwon kai. Muka yi sahur a ciki da kunun gyaɗa daga fulas. Da safe na zura hannu cikin bangon da ya jiƙe wancan karo, buntu a bushe ƙamas. Digiri bakwai sama da waje da mutum uku a rabin ɗaki, kuma babu iska mai dukan jiki, ga wanda ya saba kwana cikin buhu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba wanda ya sake ta da maganar soso.

Juma'a, 14 ga Maris

Jiya da daddare hadari ya taso da iska mai ƙarfi, ruwan farko na kirki a bana. Ɗakin yana tsaye cikakke da kwanonsa a kan bulo shida, ban ɗaure shi da komai ba, don a raina gwaji ne kawai a cikin gari. Maigadin Alhaji ya kira ni ƙarfe ɗaya. Iska ta shiga ta ƙarƙashin rumfar, ta ɗaga gaban, ta zame da shi daga kan bulo ya faɗa wa shinge. Bango biyu sun tsage, kwano ɗaya ya lanƙwashe, shingen Alhaji ya kwanta. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki, don yaran Baba kan yi barcin rana a nan.

Na je da safe na ce, "Alhaji, a yi mini afuwa, zan gyara." Ya ce, "Ba komai Malam. Amma in iskar Agege ta yi masa haka, ta kan dutse fa?"

Na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun Janairu. Ƙarfin iska a jikin bango yana ninkuwa huɗu in gudunta ya ninka biyu. Gefen ɗakin da iska ke gani kusan murabba'in mita takwas ne. Iska mai gudun kilomita 100 a awa, ko da an rage saboda iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, za ta tura shi da ƙarfin da ya kai kilo 300, ban da ɗagawar da take yi ta ƙasa. Duk wahalar da na sha ina rage nauyi don gammo, ita ce ta mai da shi abin wasan iska. Nauyin da zai riƙe shi dole a same shi a can, kuma abin da dutse ya fi yawa da shi duwatsu ne. Kwanduna shida na ragar waya, kowanne rabin mita ta kowane gefe, a kai su a naɗe, a cika su da duwatsun wurin. Kowanne zai kusa kilo 200, jimla fiye da tan guda. Gungumen katakon da ke ƙarƙashin ɗakin su zauna a kansu, igiyar ƙarfe ta haura ta kan rufi ta sauko ta kama kwandon ɗaya gefen. Buhun siminti ɗaya kilo 50 ne, ga ruwa ga yashi, ban ma sa shi a lissafi ba. Rumfar kuma za a toshe gefenta ɗaya, bayan ɗakin ya fuskanci inda iska ta fi zuwa. Kawu ne zai nuna wurin, ƙasa da doron dutse saboda tsawa, nesa da rafi saboda masai.

Talata, 18 ga Maris

An gyara shinge, an sake bango biyu. Kawu ya tuna mini da gobarar daji, makiyaya na ƙona ciyawa da rani don sabuwa ta tsiro. Za a kewaye ƙasan ɗakin da kwano har ƙasa, a share ciyawa taku biyar a zagaye a jera duwatsu. Ya ce gungumen ƙasa ma kada in ɗauko daga Legas, itacen turare ya yi yawa a Mambila. An rage wa mota kaya.

Asabar, 22 ga Maris

Lissafi zuwa yau. Malaina 168,000. Fulawud har da na gyara 429,000. Noti, ƙusa, gam da leda 112,000. Kwano 187,000. Buntu da farar ƙasa 31,000. Ɗakin sanyi dare biyu da kuɗin mota 150,000. Sola 214,000. Raga da igiyar ƙarfe 96,000. Baba da yaransa 260,000. Shinge 35,000. Jimla Naira 1,682,000. Saura 418,000 cikin 2,100,000, kuma ba a sayi tankin ruwa da sandar kare tsawa ba. Tankin ya zama dole, don duk milimita ɗaya na ruwan sama a kan rufin nan kusan lita tara ne, asara ce a bar shi ya zube.

Na ƙirga kayan da za a hau da su: dako 59. Mutum goma sawu shida ke nan. Abin da ya rage ba zai kai mota daga Legas zuwa Serti, ta hau Mayo Selbe zuwa Nguroje, sannan ya biya 'yan dako ba. Sai an sake zama bayan Sallah. Damina na gab da sauka a Mambila, don haka babu batun tafiya kafin Nuwamba.

Alhamis, 27 ga Maris

Gwajin ƙarshe kafin a ɗaure kaya. Baba ya rubuta lamba da jan fenti a kowane gunki, inda 7 zai haɗu da 7, da kibiya mai nuna sama. Muka kwance komai muka jibge. Na kira yaran mai shayi biyu da wani ɗan okada ɗan Mubi, waɗanda ba su taɓa riƙe aikin ba, na ba su sifana da guduma, na koma gefe na zauna, na ce ko sun tambaye ni ba zan amsa ba. Sun fara bayan asuba. Daɓe bai ba su wahala ba. A rufi sun juya bango na 9 ya koma 6, suka yi kusan awa suna neman dalilin da ramukan noti suka ƙi haɗuwa, Baba yana ta cizon yatsa ina riƙe masa hannu. Ɗan Mubin ne ya gano. Kafin la'asar ɗakin ya tsaya, sai ƙofa da ta ɗan cije ta ƙasa.

Baba ya ja layi a ƙarƙashin 6 da 9, ya fere ƙofar. Gobe za a kwance a naɗe cikin tamfol a ɗora a kan bulo a bayan shagon, don Alhaji ya ce 'yan share fili za su zo bayan Sallah. Kawu ya kai takarda Serti ranar Litinin, ya ce mako mai zuwa zai hau wurin Arɗo da goro, ya tambaye ni faɗin wurin da zai auna da taku. Na ce masa shida a biyar.